Siminti a Kan Jar Ƙasa

"Ba nan ba ne," Rauda ta ce da ɗan acaɓan. "Gidan Malam Jinaidu na ce maka, mai tsohon zaure."

"To ai shi ne wannan, Hajiya. Sauka ki gani."

Ta sauka da jakarta a hannu, ta tsaya kamar an dasa ta. Sati uku kacal ta yi a Minna wajen kwas ɗin masu kula da wuraren tarihi. Sati uku! Zauren da kakan kakanta, Malam Tsoho, ya gina da jar ƙasa tun kafuwar Kontagora, zauren da take tsayawa gabansa kullum tana ba baƙi labari, ga shi an shafe shi da siminti tun daga tushe har zanko, an zuba masa koren fenti mai ƙyalli. Zanen da ya kewaye ƙofar ya ɓace. Ko indararo ɗaya babu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Yi salatin ki gama, akwai saura," in ji wata murya daga gindin dalbejiya.

Goggo Na'inna ce, yayar mahaifinta Malam Jinaidu, tana zaune gaban tandar masarta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Goggo, wa ya yi wannan? Wane mara tsoron Allah ne?"

"Surukin da ubanki yake so mana. Alhaji Abdulkahar mai kayan gini. Washegarin tafiyarki ya turo mota da leburori. Wai kyauta ce, wai bai dace matar da zai aura ta fito daga ginin ƙasa ba."

"Matar da zai aura? Sau nawa zan gaya musu? Ina Tanimu yake aka yi haka?"

Goggo ta juya masa guda, ta ja tsaki.

"Tanimu ya zo. Shekara shida yana yi wa zauren nan yaɓe, ai dole ya zo. Har ƙasa ya durƙusa yana roƙon ubanki, yana cewa ƙasa numfashi take yi, in aka rufe ta da siminti cikin damina za ta ruɓe daga ciki. Alhajin naki ya ce hassada ce irin ta ɗan ƙauye, yana tsoron a raba shi da kwaɓa laka."

"Baba ya yi shiru?"

"Da shiru ya yi da sauƙi. Dariya ya yi."

Rauda ta damƙe hannun jakarta.

"Ba ki ji komai ba," Goggo ta ci gaba. "Kin manta ranar da aka sa wa mutanen Tanimu su zo neman aurenki? Sun zo. Kawunsa Baƙo, tsoho tukuf, tun daga Salka a bayan babur, da goro da tulun zuma. Aka ce tayil ɗin zaure bai bushe ba, ba a shiga. Aka bar su tsaye cikin rana kusa da masu kwaɓa siminti, leburori na kwaikwayon Hausar tsohon suna ƙyalƙyala dariya. Har aka yi La'asar ubanki bai fito ba. Daga baya ya aiko a ce musu yana da uzuri, su koma da kayansu."

Jakar ta suɓuce daga hannun Rauda. Shi ya sa kwana goma ke nan in ta kira Tanimu sai ya ce lafiya lau, ya kashe waya.

Kafin ta buɗe baki, wata doguwar bas ta shawo kwana ta tsaya. Gabanta ya faɗi. Yau Asabar! Ita da kanta ta shirya zuwan nan tun wata guda.

Madam Vivian, malamar tarihi, ta fara saukowa, ɗalibai na leƙe ta taga. Ta dubi zauren, ta cire tabarau, ta sake dubawa.

"Rauda, ina ginin?"

"Madam, shi ne... an ɗan yi masa gyara ne."

"Gyara? Yaran nan na yi wa alkawarin ganin aikin hannun kakanni. In koren fenti suke so, akwai shi a shagon cajin waya na bakin makarantarmu." Ta juya. "Direba, kada kowa ya sauko."

"Madam, don Allah, akwai rijiyar, akwai littattafan..."

Bas ta tashi.

Matan unguwa da suka fito da kayansu tun safe suka bi ta da kallo. Salome, mai tabarmin da take sarowa daga Ibeto, ta fara naɗe kayanta da ƙarfi kamar mai dukan wani.

"Mota ta huɗu ke nan da ta juya, Rauda. Amaren da ke zuwa hoton kafin biki ma sun daina. Ki gaya wa Malam mun gode!"

Rauda ta dubi matan suna tattara kayansu. Lokacin da tsoron hanya ya hana manyan baƙi zuwa, kowa cewa ya yi tsohuwar unguwa ta mutu. Ita ce ta bi makarantu ɗaya bayan ɗaya, ta jawo ɗalibai, ta jawo masu hoto da masu shirin fim, har masa da kunu da tabarma da takalman dukawa suka dawo suna tafiya. 'Yan bindiga ba su kashe kasuwar nan ba. Tsadar mai ba ta kashe ta ba. Sai buhun siminti!

Ta tsallake jakarta ta nufi ƙofa.

Malam Jinaidu na zaune kan buzunsa da carbi. Gefensa Alhaji Abdulkahar, cikin farar shadda, makullin mota na rawa a yatsansa. Cikin zauren ma an shafe shi tas. Wani wari na tashi, irin na tulun da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Salamu alaikum," ta faɗa da ƙyar, ta durƙusa.

"Wa alaikumus salam. 'Yar Minna an dawo?" Malam ya yi murmushi. "Kin ga abin arziki?"

"Na gani, Baba."

"Ranki ya daɗe," in ji Abdulkahar, "so na yi ki dawo ki kasa gane gidanku."

"Ka yi nasara, Alhaji. Ban gane shi ba. Baƙi ma ba su gane shi ba, yanzu suka juya."

"Su juya mana! Matata ba za ta tsaya rana tana yi wa 'yan makaranta tatsuniya ba."

"Wace ce matarka?"

"Rauda!" Malam ya daka tsawa.

Hawaye suka zubo mata, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Baba, ka yafe ni, yau sai na faɗa. Kai ka koya min cewa baƙo ko arne ne a shimfiɗa masa tabarma. Dattijo ya taso tun daga Salka, ka bar shi a rana leburori na yi masa dariya. Me ya yi maka? Don Hausarsa ta karkace? Don ɗan ɗan'uwansa na aiki da hannunsa?"

"Don ba sa'anmu ba ne!" Malam ya buga carbin a ƙasa. "Gidan nan alƙalai ya haifa, limamai ya haifa. Zan ɗauki jikar Malam Tsoho in ba mai kwaɓa ƙasa da ƙafa?"

"Malam Tsoho da me ya gina zauren nan? Da alƙalami?"

Abdulkahar ya yi tari. Fuskar Malam ta haɗe.

"Ke ba ki san komai ba. Kin san yadda nake ji in na fito alwala yara su ɗaga min waya kamar sun ga kura a keji? Kin san abokaina na cewa Jinaidu ya zama kayan kallo, har yau yana cikin ramin gara? Shekara da shekaru ina jin wannan! Yaron nan ya zo ya rufa min asiri, ke kuma kin zo kina min rashin kunya."

Wannan ta shige ta. Ba ta taɓa sanin haka yake ji ba. Ta sunkuyar da kai, sai idonta ya faɗa kan gindin bangon gabas. Fentin wajen ya kumbura, ya yi ƙuraje.

Ta miƙe, ta dafa bangon. Sanyi ƙalau. Ta ƙwanƙwasa da yatsa.

Kwam. Kwam. Kamar ganga.

"Alhaji, ina indararon rufin nan?"

"Na sa an toshe. Ruwansu na ɓata fenti."

"Ka toshe indararo? A watan Agusta? To ruwan sati uku ina ya tafi?"

Rauda ta fita da gudu. Kafin su gane abin da ake ciki ta dawo riƙe da taɓaryar Goggo, Goggon na biye da ita tana ɗingishi.

"Ke! Ajiye wannan!" Malam ya miƙe. "In kika taɓa bangon nan ban yafe..."

"Jinaidu, rufe bakinka kafin ka faɗi abin da za ka yi nadama," in ji Goggo. "Ni na goya ka. Bar ta."

Rauda ta ɗaga taɓarya ta maka.

Bugu ɗaya. Wani falle na siminti mai faɗin tabarma ya ɓalle ya zube kan tayil. Bayansa ba bango ba ne, kunu ne. Jar ƙasa ta biyo tana zubowa a hankali, ruwa na tsatsafowa, wari ya cika zauren. Sama can, wata azara ta yi ƙara, ƙiiit.

Kowa ya ɗaga kai.

Wata tsaga ta bi sama, ta kai saman alkukin da ke bayan buzun Malam, wani fallen ya faɗo. A nan ne Malam Tsoho ya rubuta Bisimilla da yatsansa cikin ɗanyar ƙasa ranar da ya gama ginin. Yanzu babu komai sai saran gatari da tsatsattsun ƙusoshi.

Malam ya matsa kusa. Ya kai hannu ya shafa wurin.

"Abdulkahar. Na ce maka a rufe rubutun nan da leda kafin a shafa. Ka ce an yi."

"Allah ya gafarta Malam, na gaya wa yaran. Wallahi na gaya musu. Sai dai in ba a sassare bango ba siminti ba ya kamawa, ƙila shi ya sa..."

"Sunan Allah? Da hannun kakanmu? Aka sare da gatari?"

"Ni alheri na yi niyya!" Muryar Abdulkahar ta tashi, idonsa ya kaɗa. "Ban taɓa yi wa kowa abin da na yi wa gidan nan ba. Shekara biyu ina bin 'yarka, ko murmushi ban samu ba, amma mai laka a ƙafa in ya zo har ruwa take kai masa! Ni ina na san ƙasa na numfashi? In ya ruɓe a rushe shi, gobe in kawo bulo in tayar da bene!"

"A rushe?" Malam ya juyo a hankali. "A rushe, ka ce?"

Azarar ta sake yin ƙara. Ƙasa ta zubo kan rawaninsa.

"Ku bar musu," in ji Goggo. "Ku leƙa gabas."

Ta ƙofa ana hango hadari yana haɗuwa, baƙi ƙirin, ko Azahar ba a kira ba.

Rauda ta riga ta danna lamba, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Sau uku tana ringi.

"Rauda, na ce miki lafiya lau," muryar Tanimu ta fito, ana jin iskar gona a bayansa.

"Ƙarya kake yi, kuma za mu yi wannan maganar daga baya! Bangon gabas ya zama kunu, azara na kuka, hadari ya taso. Me za mu yi?"

Da ya sake magana, muryar magini ce.

"A fara buɗe indararo, duka huɗun, yanzu. Amma kada kowa ya taka rufin, daga tsani za a fasa. A nemo gwafanni masu ƙarfi a tokare azarar gabas. Kada ku ƙara ɓalle simintin gindin bangon, shi ke riƙe da jar ƙasar yanzu. Daga sama ake cirewa, kaɗan-kaɗan, ana bari tana shan iska."

"Zai tsaya?"

"Ruwan yau, in Allah ya so. Na jibi ban sani ba. Sai an sa hannu a ji inda ya mutu da inda ke da rai."

"To ka zo."

"Ba zan zo ba."

Kamar ya mare ta.

"Tanimu!"

"Kawu Baƙo shi ya riƙe ni tun mutuwar babana. Ranar nan da muka dawo, bai ce komai ba har muka wuce Ibeto. Da muka isa gida ya ajiye tulun zumar tsakar gida, ya rantse ba zan sake taka ƙofar gidanku ba, ko aiki ko aure, sai wanda ya bar shi a rana ya zo ya zauna a inuwarsa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ki ce in tsallake wannan?"

"Ni fa? Ni me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba. Shi ya sa na kasa gaya miki."

Malam ya miƙa hannu ya karɓi wayar.

"Tanimu."

"Allah ya gafarta Malam."

"Abin da ya wuce ya wuce. Ka hau babur ka zo. In ka tsayar min da zauren nan, na ba ka Rauda. Ga shaidu."

Goggo ta buɗe baki za ta yi guɗa, Rauda ta riga ta.

"A'a! Wallahi a'a, Baba! Ni ce ladan magini? Jiya ka ba da ni don siminti, yau za ka ba da ni don yaɓe? In gobe rijiya ta rufta, sai ka ba mai haƙa? Ni 'yarka ce ko buhun dawa?"

"Ba shi kike so ba? Ga shi na ba ki!"

"Ba haka nake so ba!" Kuka ya ƙwace mata. "So nake ka ba shi don ka san mutum ne. So nake in shiga gidansu kaina a sama, ba a riƙa nuna ni ana cewa ga wadda aka biya aikin bango da ita ba!"

"Malam," in ji Tanimu a hankali, "gaskiya ta faɗa. Gini daban, aure daban. Zauren nan ko ba Rauda zan gyara shi, hannuna ya san kowane lungunsa. Amma maganar ba a wajena take ba. Tana gindin ɗorawar ƙofar gidanmu, inda Kawu ke zama."

"Ni? Ni Jinaidu in tafi Salka? Ka taɓa jin inda uban mace ya bi dangin namiji har ƙauye?"

"Ban taɓa ji ba, Malam. Shi ma Kawu bai taɓa jin inda aka mayar da goron neman aure daga bakin ƙofa ba."

Wayar ta yi shiru. Ya kashe.

Iska ta fara kaɗa ganyen dalbejiya. A waje ana jin Salome na ƙwala wa mijinta kira ya kawo tsani da guduma, mazan unguwa na gudu neman gwafanni. Ba wanda ya jira izinin mai gida.

Malam ya tsaya tsakiyar zauren, ƙasa a rawaninsa. Ya dubi saran gatarin da ke saman alkuki. Ya dubi 'yarsa, wadda ta juya masa baya tana share ido da gefen hijabi.

"A zuri'armu ba a taɓa yi ba," ya faɗa, kamar da kansa yake.

"A zuri'armu ba a taɓa barin baƙo a rana ba," in ji Goggo. "Kai ka fara. To fara wannan ma."

"In na je ya ƙi fa? In ya bar ni tsaye gaban ƙauye guda?"

"Sai ka tsaya. Rana ba ta kashe shi ba."

Abdulkahar ya gyara hularsa, ya sulale ya nufi ƙofa.

"Ni zan wuce, Allah ya gafarta Malam. Na ga abin ya zama na cikin gida."

"Tsaya."

Ya tsaya.

"Motarka na da mai?"

"Akwai... amma Malam..."

"Rauda, ɗauko min takalmina da sabuwar riga. Yaya, a sayo goro, mai kyau, ƙwarya guda." Ya juya ga Abdulkahar, idonsa jawur. "Kai ka toshe, kai ka sare, leburorinka suka yi wa tsoho dariya a ƙofar gidana. Kai za ka tuƙa ni."

"Ni? In kai ka gidan kishiyata... gidan yaron nan? Ka roƙa masa matar da nake nema?"

"Har gindin ɗorawar. Kuma in na durƙusa, kai ma za ka durƙusa."

Makullin ya daina rawa a yatsan Abdulkahar.

Rauda ta dawo da takalman, ta ajiye gaban mahaifinta ba tare da ta ɗaga ido ba. Ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya.

"Har yanzu fushi kike da ni?"

"Sosai, Baba."

"To riƙe shi har in dawo," ya ce, ya sa ɗayar. "In tsohon nan ya kore ni, za ki buƙace shi."